Tabarmar Goggo: Masu Kukan Yawan Tunani

Zafin bana bai bar kowa ba a Bauchi. A tsakar gida nake rubuta amsoshin nan bayan Isha'i, fitilar caji a gefena, mafici a hannun hagu, don tun La'asar aka ɗauke wuta. Wasiƙun watan nan sun fi ƙarfin shafin da aka ba ni, sai na ware uku. Masu su ba su san juna ba, ba kuma tsara ɗaya ba ne, amma duk kukansu guda ne: tunani. Shekara 35 na yi ina aikin jinya da karɓar haihuwa, kuma da za a ce in ƙirga waɗanda suka zauna gabana suka sunkuyar da kai suka ce "Sista, tunani ne ya yi mini yawa", da sai mu kwana ba mu gama ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne ɗan shekara 61, na ajiye aikin gwamnati wata 14 da suka wuce. Har yau garatutina bai fito ba, fanshon kuma ba ya kai mu tsakiyar wata. 'Ya'yana bakwai, uku suna makaranta. Tun da na bar aiki barci ya ƙaurace mini, ƙarfe biyun dare idona biyu ina lissafi. Abu kaɗan ke tunzura ni, har yaran da suka saba tarbata yanzu in na yi sallama sai kowa ya shige ɗaki. Ƙeyata na yawan ciwo, nakan sayi maganin ciwon jiki a kemis. Goro kuwa ya zama abokin hirata. Uwargida ta ce in je asibiti, ni kuma na san ba ciwo ne da ni ba, tunani ne kawai. Wace shawara za ki ba ni?
Magidanci, Jekadafari, Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: uwargida ta fi ka gaskiya a nan. Ban musa maka tunani ba ne. Amma tunanin ai ba a sararin sama yake zaune ba, a cikin jikin nan naka ya kama ɗaki, kuma jikin ne ke biya masa haya.

Gobe in Allah ya kai mu ka je a gwada maka hawan jini. Ba sai ka kai ga Asibitin Koyarwa na Tarayya ba, ƙaramin asibitin unguwa ma suna da na'urar. Kada ka ci goro ko ka sha shayi rabin awa kafin gwajin, kuma ka zauna ka huta minti 5 kafin a ɗaura maka abin a dantse. Lamba biyu za a gaya maka, ta sama da ta ƙasa. Ka sa a rubuta maka su a takarda, kada ka karɓi "ai ya ɗan hau" na fatar baki. Ka koma wata rana daban a sake. In a duka ranakun ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to likita za ka gani, ba mai kemis ba. In kuwa ka ga 180 a sama ko 120 a ƙasa, ranar za ka gan shi, ba gobe ba.

Kada ka ce ai in jinina ya hau zan ji a jikina. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ni kaina shaida ce, ko da yake da kunya nake faɗa. Shekarar da na ajiye aiki, ni da na ɗaura wa dubban mutane na'urar nan, wata takwas ban gwada nawa ba. Wata yarinya da na koya wa aiki ce ta zo gaishe ni da tata a jaka, cikin wasa ta ce, "Mama, kawo hannun yau in rama." Sai na ga dariyarta ta tsaya cak. 168 a kan 102. Ranar kaina ba ya ciwo, ba na jiri, daga tuƙin tuwo ma na taso. Tun daga nan ƙwaya ɗaya nake haɗiya kowace safiya, kuma ban taɓa ajiye ta don na ji garau ba. Ajiyewar nan ita ta kawo mana mutane da yawa ranga-ranga, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, dangi na rantsuwa jifa aka yi musu.

Maganin ciwon jikin da kake saya, duba bayan kwalinsa. In ka ga diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, ko kuma irin haɗin nan ne kala huɗu da ake ƙulle wa mutum a leda ba suna, ka dakata da shi. Suna ƙara hawan jini, suna cin bangon ciki har ya zama olsa, suna wahalar da ƙoda, musamman a shekarunka da nawa.

Goro kuma, sinadarin da ke wartsakar da kai a cikinsa shi ne dai ke cikin kofi da ganyen shayi, kuma jiki kan ɗauki kamar awa 5 kafin ya fitar da rabinsa kawai. Wanda ka ɓara bayan Magariba, ƙarfe biyun dare yana nan yana gadi a jininka. Ban ce ka rabu da goro ba, na san ba za ka ji ba. Amma daga Azahar ka rufe wannan shagon, shi da shayin dare. Sai ka miƙa wa uwargida wannan layin ta karanta: abin da aka yarda babba ya ci na gishiri a yini bai kai giram 5 ba, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma ɗanɗanon da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne. Mu kuwa sai a jefa biyar ko shida a tukunya, a bi da gishiri, ga yaji a gefe wanda shi ma da shi aka daka. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Harshe zai yi ƙorafi na 'yan makonni, daga baya ya saba.

To, wannan duk jiki ne. Mu koma ga abin da ya tayar da ƙurar.

Mu ma'aikata ba wanda ya shirya mu wa ranar ajiye aiki. A yi mana walima, a yi jawabai, a ba mu agogon bango, mu da daga ranar ba mu da inda za mu makara. Washegari ka tashi ka yi wanka kamar yadda ka saba, ka ga ba mai jiran ka. Wayar da ke ruri har ka gaji ta yi tsit. Masinjan da ke rugowa ya karɓi jakarka ya gan ka a kasuwa ya ɗaga maka hannu daga nesa. Rashi ne wannan, Malam, sai dai ba a yi masa zaman makoki, ba mai zuwa ya ce maka ya haƙuri. Namiji kuma ba a koya masa ya ce abu ya yi masa ciwo ba, faɗa aka bar masa. Tsawar da kake daka wa yaran nan ba tasu ba ce, su ne dai a kusa.

Yinin da ba shi da turke shi ke sakin tunani ya yi ta kiwo a gonar mutum. Shekara talatin da wani abu aiki ne turkenka, yanzu kai za ka kafa da hannunka. Bayan sallar Asuba kada ka koma shimfiɗa. Daga ƙofar masallaci ka miƙe ka yi tafiyar minti 30, da saurin da za ka iya hira amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. Kwana biyar a mako ya ba ka minti 150, wanda shi ne mafi ƙarancin motsa jikin da aka so wa babba. Gombe ba ta rasa hawa da gangara ba, kyauta aka ba ku. A zafin nan kuma sanyin asuba ne kaɗai lokacinta, ga shi hasken safiya shi ke saita wa jiki lokacin barcin dare. Ni da maƙwabtana biyu muke zuwa shataletalen Wunti mu dawo, kuma in faɗa maka gaskiya, rabin amfanin tafiyar a hirar yake. Ka nemi aboki, don ranar da ƙyuya ta kama ka kunyarsa za ta fito da kai.

Sannan ka samu wuri guda da in ba ka je ba za a tambaya ina Malam. Kwamitin masallaci, ko Islamiyyar unguwa da ke neman mai riƙe mata lissafi, ko yaran layi masu shirin jarrabawa. Ko tumaki biyu a bayan gida, su ma in ba ka fito ba za su yi kiran ka da babbar murya. Damina na tafe, in akwai gonar gado a ƙauye ka leƙa ta. Majalisa kuwa sai ka zaɓa. Akwai wadda daga hantsi zuwa Azahar ba a maganar komai sai garatuti da jerin waɗanda suka mutu ba su karɓa ba. Haƙƙinka ne, ka bi shi, ka shiga cikin 'yan'uwanka 'yan fansho ku nema tare. Amma ka ware masa rana ɗaya a mako. In kullum za ka je a sake ɗora maka kayan, da dare kai kaɗai za ka sauke. Ranar da kuɗin suka fito kuma, in Allah ya yarda, masu zaƙin baki za su riga ka jin labari. Kada ka zuba su a sana'ar da ba ka taɓa yini a cikinta ba.

Lissafin ƙarfe biyun dare, ka canza masa lokaci. Bayan La'asar ka ɗauko takarda da biro, ka kira uwargida, ku rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita, kuɗin makarantar wa za a fara biya, wane ne za a je a roƙi a ɗaga masa ƙafa. Na san mun taso ana ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma ba don ajiyar garwashi aka yi shi ba. Kuma me kake ɓoye mata? Mai karɓar cefane ai ta riga kowa sanin aljihun maigida. Abin da ba ta sani ba shi ne ko har yanzu kana ɗaukar ta abokiyar shawara. In dare ya yi lissafin ya dawo, ka ce masa an rubuta ka, sai gobe. In ka daɗe kana juyi barci bai zo ba, kada ka kwanta kana kokawa da shi kana duba agogo. Tashi ka yi alwala ka yi nafila, ko ka zauna a duhu-duhu da carbinka, ba waya ba rediyo, sai ido ya yi nauyi ka koma. Ƙailula kada ta wuce rabin awa.

Fushi kuwa an riga an koya mana maganinsa na farko a hadisi: wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Yaran kuma ba sai ka tara su ka yi jawabi ba. Ɗauki autan ya raka ka tafiyar asuba ranar Asabar, ku biya ku sayi ƙosai. Shi zai kai wa sauran labari cewa Baba ya dawo.

In ka yi wata guda kana wannan ba sauyi, ko ka ga abinci ya fita ranka, ba abin da ke faranta maka har mako biyu a jere, ko zuciya ta fara raya maka gara mutuwa, to ka faɗa wa likita da bakinka kamar yadda ka rubuto mini. Ciwon damuwa ke nan, kuma ana maganinsa.

TAMBAYA: Goggo, ina wuni. Shekarata 23, haihuwata ta fari ce, yau kwana 52, ɗa namiji lafiyayye. An yi suna lafiya, na je gida wanka na dawo, mijina yana iya ƙoƙarinsa. Amma tun satin suna nake kuka ba dalili. Ba na jin daɗin komai, ko yaron ya yi barci ni ba na iyawa, in ya fara kuka sai in ji kamar in fita da gudu. Surukata ta ce iska ce ta taɓa ni, ana ta hayaƙi da rubutu. Yayata ta ce rashin godiya ne, wasu shekara goma suke nema ba su samu ba. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, wani lokacin ba na jin son ɗana. Goggo, ni muguwar uwa ce?
Maijego, Fadaman Mada, Bauchi

AMSA: 'Yata, muguwar uwa ba ta raba dare tana kuka a kan ko ita muguwa ce. Ba ki da lafiya ne, kuma ciwon naki sananne ne.

Da mabiyiya ta faɗo, sinadaran da suka riƙe ciki wata tara sukan sauka warwas cikin 'yan kwanaki. Ga zubar jini, ga rashin barci, ga baƙi. Shi ya sa mata da yawa kan yi ta hawaye daga kwana uku zuwa wajen suna, kuma wannan kan wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya zarce haka, ya ɗauke wa mace barci da jin daɗi, ya cika ta da ganin laifin kanta, shi ake kira ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar kan shiga irin wannan hali bayan ta haihu. Ki tuna matan da suka cika gidanku ranar suna, suna ci suna guɗa. A cikinsu akwai waɗanda suka bi ta hanyar nan da kike kai, sun dai haɗiye ne, don ba a ba su bakin faɗa ba.

A nan mu ma ma'aikata muna da laifi, ba zan wanke kaina ba. Mace ta kawo jariri rigakafin mako 6, mu ɗora shi a sikeli, mu duba cibiya, mu ɗiga masa magani, mu cike kati, mu ce ta gaba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, mu kuwa katin muke kallo. Akwai wata da har yau take zo mini a rai. Sau uku ta zo, yaronta ɓul-ɓul, ita kuwa kullum tana ƙara zurmawa, ni ina yaba mata kyan reno. A zuwa na ukun ne ta manta jakarta, na bi ta da ita waje na same ta zaune a gindin dalbejiya tana kuka ba sauti, yaron a cinya ba ta ko kallon sa. Daga ranar na koyi tambayar kowace maijego, "Ke fa, kina samun barci?" Tambaya ce ƙarama, amma ta buɗe bakuna da yawa.

Don haka kada ki jira rigakafin mako 10. Cikin makon nan ki koma inda kika yi awo, ki ce wa nas ɗin ko likita, "Yau ba don yaro na zo ba, don kaina na zo." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗi duk abin da kika rubuto, har wanda kika fi jin kunyarsa. In bakinki ya yi nauyi ki miƙa musu shafin nan. Ki nemi a gwada yawan jininki da hawansa, don ƙarancin jini shi kaɗai kan sa kasala da faɗuwar gaba. Akwai kuma halittar nan ta gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, ita ma takan rikice wa wasu mata bayan haihuwa, gwajin jini ke nuna ta. In an tura ki sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, kada sunan ya firgita ki. Mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa su koma gida su ɗora tukunya. Tun watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta ɗauki mai irin wannan lalura majinyaci mai haƙƙi kamar kowa. Magani na iya zama zaman tattaunawa, yana iya haɗawa da ƙwaya, kuma akwai waɗanda mai shayarwa ke sha ba tare da ta yaye ba. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsu, kada ki ajiye a kwana biyar ki ce ba sa yi.

Surukarki kada ki ja da ita, son ki ne ya sa take faɗi-tashi. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, an ce mana Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Hayaƙin dai a fitar da shi daga ɗakin da jariri yake, ƙirjinsa bai yi ƙwarin shaƙarsa ba. Yayarki kuwa ki tuna mata Annabi Yaƙub, Alaihis Salam. Shi ne ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma shi ne baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, yana kai kukansa ga Ubangijinsa. Ba wanda ya ce masa mara godiya.

Akwai alamun da ba a kwana da su, ina so mijinki ya haddace su. In zuciya ta fara raya miki ki cutar da kanki ko yaron, ko kina jin muryoyin da ba mai jin su, ko kika yi kwana biyu ba ki runtsa ba kina surutai, asibiti za a nufa a lokacin, kuma kada a bar ki ke kaɗai da jariri kafin a isa. Tun da kin ambaci wanka, in ƙara da wannan: in numfashinki na sarƙewa in kin kwanta, ƙafafu sun kumbura, ga tari da dare, wannan zuciya ce, ba tunani ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a ƙasarmu, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa da tsananin gashin jiki. Kanwa gishiri ce. Iyayenmu ba da mugunta suka yi ba, amma kunun gyaɗa ma yana ƙosar da maijego.

Malam maigidanta, yanzu da kai nake. Matarka ba shagwaɓa take ba. Babban abin da za ka saya mata ba a kasuwa yake ba: barcin awa huɗu ko biyar a jere ba yankewa. In ta shayar bayan Isha'i, a ɗauke yaron zuwa wani ɗaki, ko kai ko ƙanwarta ko goggonka, sai yunwa ta tashe shi a kawo. Ranar asibiti kuma ka shiga da ita har gaban likita, kada ka sauke ta a bakin ƙofa.

Son ɗa kuwa, 'yata, ba kowace uwa yake faɗo wa tare da mabiyiya ba. Na wasu sai a hankali, da wanka da goyo da murmushin farko. Ciwon ne ya rufe naki kamar hazon hunturu a kan duwatsun garin nan. Dutsen na nan inda yake.

TAMBAYA: Mama, shekarata 28. Na gama digiri, shekara uku ke nan da gama bautar ƙasa, ba aiki. In na shiga Facebook sai in ga wannan ya yi aure, wancan yana Abuja da mota. Ina kan waya har ƙarfe uku na dare, in tashi sha ɗaya na rana, kunyar fitowa tsakar gida nake ji. Wani abokina ya ba ni ƙwaya ya ce tana cire tunani, na sha sau biyu, gaskiya na ji sauƙi. Yaya zan yi?
Matashi, Gwallameji, Bauchi

AMSA: Ɗana, ƙwayar za mu fara ajiyewa kafin mu yi maganar aiki. Jin sauƙin da ka yi shi ne ya fi ba ni tsoro. Ba cire tunani take yi ba, bashi take ba ka, gobe ta dawo maka da shi da ruwa a kai. Ɗaya ta daina isa, ka koma biyu, daga nan ba don jin daɗi kake sha ba, don kada jiki ya hana ka sakat ne. Na karɓi samari tsaranka da aka kwaso daga majalisa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya saboda tiramol. Ba banza ba gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Sau biyu ka sha, ƙofar fita na nan a buɗe wangale. Abokin nan kuma ku gaisa a masallaci ya isa.

Hotunan da kake kallo, ni bikin nake zuwa, kuma ni ake kawo wa ƙorafin bayan wata uku. Ba mai ɗora hoton bashin lefe, ba mai ɗora hoton mai gidan haya yana buga ƙofa. Kana gwada ƙarfe ukun darenka da ranar Sallar wani. Ban ce maka rashin aiki ƙarya ba ne, ko laifinka ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu albashin ma kuka suke. Amma akwai abin da ke hannunka, kuma na farkonsa safiya ce, ka kuwa sayar da ita wa waya.

Ka bar wayar ta kwana wurin mai caji, da gaske nake, ka karɓo ta da hantsi. Kwana uku na farko za ka yi ta juyi kana jin haushina. Ka tashi Asuba ko da awa uku ka samu, kada ka rama da rana, dare na huɗu ko na biyar barci zai zo ya same ka da kansa. Sannan ka fita daga gidan kowace safiya zuwa inda ake aiki da hannu. Ka je kasuwar Muda Lawal da sassafe lokacin da ake sauke kayan gwari ka ga yadda kuɗi ke juyawa kafin masu ofis su gama karin kumallo. Ka leƙa masu gyaran waya a Wunti, ko masu haɗa sola, waɗanda rashin wutar nan ya zame musu damina. Ka zaɓi ɗaya, ka sa babanka ko kawunka ya kai ka ya danƙa, kamar yadda ake yi. Ɗan ƙanwata da digirinsa ya yi wata shida yana riƙe wa wani tsani da miƙa wayar wuta, uwarsa tana kukan an wulaƙanta karatu. Yanzu shi ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, kuma takardunsa na nan a akwati ba su ruɓe ba, duk inda aka buɗe ɗaukar aiki yana turawa.

Kunyar tsakar gida kuma, ɗauki jarka ka ɗebo wa Innarka ruwa tun kafin ta aike ka, ka zauna ku sha koko tare. Bayan wata guda ka sake rubuto mini, abu biyu nake son ji: ƙarfe nawa kake kwanciya, kuma wace sana'a aka danƙa ka.